Firesha ta taya: wane suna za mu ba ta da Hausa?

Ƙanin Mai Banshar, Jidda: Salamu alaikum jama'a, kalma nake nema. Turawa na cewa firesha, Larabawan nan na Saudiyya na cewa dagɗul hawa, mu kuwa a bakin banshar, wato shagon facin taya, maganarmu ba ta wuce "a ba ta iska", "a rage mata", "a yi mata geji". Wannan ya ishi mai Hilux da mai Camry. Amma samarin nan masu motocin gudu, da ke yawo da su a titi su kuma kai su filin tsere ƙarshen mako, lamba biyu suke tambaya: ta kafin mota ta motsa, da ta bayan taya ta ɗau zafi. Ta farko ita ce kol firesha a bakin Turawa, ta biyu hot firesha. Ni dai yawan iska nake cewa, sai iskar sanyi da iskar zafi. Manya, a duba mana.

Kawu na Sana'iyya (unguwar masu gyaran mota): Ɗana, iskar sanyi ai ta na'urar sanyaya ɗaki ce. Ka ce wa mai mota zai sha iskar sanyi talatin da biyu ka ga kallon da zai yi maka. Geji muka gada, geji kowa ya sani tun daga Kano har Shari'a Mansur a Makka. Me ya yi muku?

Malamin Kimiyya, Makka: Kawu, Allah ya ƙara girma, geji sunan ma'auni ne da kuma aikin awon, ba sunan abin da ake aunawa ba. Sai ka ce a kira hatsi mudu.

Yawan iska kuwa, ƙanina, shi nake so mu fara cirewa, don ba kunne kaɗai yake wa nauyi ba, ƙarya yake faɗa. Ka cika taya ta kai PSI 32 (PSI shi ne awon da geji ke nunawa) da safe, zafin gari na digiri 30. Ka toshe bawul, ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita. Mota ta yi zagaye a fili har iskar ciki ta kai digiri 70. Ɗora geji: wajen 38 za ka gani. Iskar nan ɗaya ce, ko ƙwaya ba ta ƙaru ba. Zafi ne ya sa take tura bangon taya da ƙarfi fiye da ɗazu, kusan PSI ɗaya da rabi a kan kowane digiri 10. Wanda ya riƙe cewa yawa ake aunawa, da ya ga 38 zai ce iska ta yi yawa, ya sace ta a tsakiyar hanyar Madina, gobe da safe ya tarar da taya a 26. Tayar da ba ta cika ba ita ce gefenta ke lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a jikinta, a rana irin ta ƙasar nan kuma ƙarshenta fashewa. Ina ba da shawarar matsi. Matsin taya.

Direban Ɗa'if: Malam, tunda muna da hawan jini, me zai hana hawan iska?

Kawu na Sana'iyya: A'uzubillahi. Ka rubuta "ana duba hawan iska" a allon shago, da la'asar za a fara kawo maka masu buƙatar ruƙiyya.

Direban Ɗa'if: To na janye, Kawu! Amma ina da shaida kan maganar Malam. Ɗa'if na sama da mita 1,800 daga teku. Tayar da ka auna a Jidda, in ka hau da ita ta hanyar Hada, geji zai iya nuna ƙarin kusan PSI 3, don iskar waje da ke danne taya ta ragu a can sama. Sanyin garin yakan cinye wani abu daga ciki in motar ta huce. Ba wanda ya ƙara mata iska a hanya. Ke nan lambar geji, kokawa ce tsakanin iskar ciki da ta waje. Matsi ya fi kama da wannan.

Yayar Mai Tsere, Riyad: Na yarda da matsi, ko da yake matsin rayuwa da matsin lamba sun riga sun ba kalmar baƙin jini. Ƙarfin iska ba zai yiwu ba, na guguwa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomin nan biyu, kol firesha da hot firesha, don a fili su ake amfani da su ba ta farkon ba. Ƙanena na shiga da motarsa, ni ke riƙe masa littafin awo. Ga yadda aikin yake. A titi, lambar da kamfanin mota ya liƙa a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai ita ce doka, kuma ana auna ta ne mota na tsaye ta yi aƙalla awa uku. Lambar da ke rubuce a gefen taya iyaka ce, ba ita ake cikawa ba. A fili kuwa abin juyewa yake. Lambar bayan gudu ake nema, wadda kamfanin taya ya ce a nan robar ta fi kama ƙasa, galibi talatin da 'yan kai ga tayoyin da ke hawa titi su shiga fili. Sai a fara ƙasa da lambar ƙofa, a yi 'yan zagaye a hankali har taya ta ɗumama, a matsa mata, a shigo a auna nan take kafin ta huce, a sace abin da ya haura. In ta haura aka bar ta, tsakiyar taya kaɗai ke cin ƙasa, mota ta riƙa zamewa a kwana. Tayoyin huɗu ma ba sa tashi daidai: wadda ke waje a yawancin kwanoni ta fi shan wuya, mota mai inji a baya irin Porsche 911 kuma na bayanta ke ɗauke da kaya. Kafin a kama hanyar gida dole a mayar da iskar da aka sace, in ba haka ba an hau babban titi da taya a sace.

Duk wannan ba ya faɗuwa da "a yi mata geji", Kawu, ka yi haƙuri.

Ƙanin Mai Banshar, Jidda: Yaya, matsin sanyi da matsin zafi fa?

Malamin Kimiyya, Makka: Kwafo ne daga Turanci, kuma a nan zai ruɗa mutane. Wane sanyi a Makka cikin watan Yuli? Taya na iya zama a digiri 40 alhali ita ce Turawa ke kira mai sanyi, don abin nufi ba ta yi aiki ba. Ni matsin kwana na so, tunda mota ta kwana.

Yayar Mai Tsere, Riyad: Malam, a baki zai wuce, a rubuce ba zai wuce ba. Filin Kornish na Jidda da aka fara tseren Formula 1 a kansa a Disambar 2021 kwana 27 gare shi a kilomita 6.174. Ka rubuta wa mai tsere matsin kwana, zai tambaye ka kwana ta nawa. Ni matsin hutu nake rubutawa a littafi, ɗaya shafin kuma matsin gudu.

Malamin Kimiyya, Makka: Wannan ya fi nawa. Bai ambaci yanayin gari ba, halin da taya ke ciki ya faɗa, kuma yana koya wa mutum lokacin awo ba tare da dogon bayani ba. Wuri ɗaya kawai ba zai shiga ba: a Formula 1 ana ɗumama taya cikin bargon lantarki har digiri 70 kafin ta taɓa ƙasa, kamfanin taya na Pirelli kuma ke yanka mafi ƙarancin matsin da za a tashi da shi. Wannan ba hutu ba ne, ba gudu ba. Matsin tashi zai yi, amma cikinmu ba mai bargon taya, sai mu bar wa masu sharhin wasanni.

Ƙanin Mai Banshar, Jidda: To an tsaya ke nan: matsin taya, matsin hutu, matsin gudu. Geji na nan a matsayinsa na ma'auni, PSI da bar kuma mu bar su yadda suke a jikin ƙofa, bar ɗaya PSI 14.5. Jazakumullahu khairan.

Kawu na Sana'iyya: Na ji, ban ƙi ba, amma ni da yarana geji za mu ci gaba da cewa har sai kwastoma ya fara tambayar matsin hutu da bakinsa. Saura wata, tunda kun zauna: abin da 'yan ƙasa ke kira tansim, rage wa taya iska kafin a shiga rairayi. Kada wani ya ce mini sace taya, don an taɓa kira mana 'yan sanda a kan haka.