Dofamin: "sinadarin jin daɗi" ko "sinadarin ƙaimi"?

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan sunan Hausa da ya dace da dofamin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke samarwa. Duk inda na leƙa "sinadarin jin daɗi" ake ce masa. Ni dai sunan bai kwanta mini ba, kuma Kawuna ne dalili.

2/ Shekara biyu kafin hannunsa ya fara karkarwa, Kawu ya daina fita majalisa. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi ƙura a kan taga. In an dama masa fura zai sha, har ya ce ta yi daɗi, amma ya aika a sayo? Ina! Muka ce tsufa ne, wasu suka ce jifa. Daga baya likita ya ce cutar Parkinson ce, kuma ciwon damuwa yakan riga karkarwar zuwa da shekaru.

Kun ga daɗin furar bai tafi ba. Abin da zai tashe shi ya nema ne ya tafi.

3/ Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan wuri mai baƙi-baƙi, ƙwayoyinsa ke samar da dofamin, su ne kuma ke mutuwa sannu a hankali a wannan cuta. A 1957 masanin kimiyya Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomaye maganin da ya sandarar da su, sannan ya ba su lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, sai ga su sun miƙe. Wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Ku lura, miƙewa suka yi.

4/ Shi ya sa na ce "sinadarin ƙaimi". Doki na nan da ƙarfinsa, an ɗaura sirdi, ba mai zaburarwa. Haka Kawu ke kafewa a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa kamar an liƙe ta da ƙasa, ga shi yana son wucewa.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo "sinadarin himma". Yana da daɗin faɗi, amma himma yabon hali ce. Ka ce wa mara lafiya himmarsa ta ragu, ai ka kira shi malalaci ke nan. "Kuzari" kuma jiki kawai ya ɗauka.

6/ A asibiti a bar shi dofamin, kada a rikita ma'aikata. Mutanen Damagaram da Maraɗi, in an ce "ƙaimi" a wajenku, zaburarwa ake fara ji ko ƙarfen da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya?