Me ya sa ake jiran sakamakon tsoka kafin a fara magani?

Uwar Biyu, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. Kwana 12 ke nan da aka ciro wa yayata ƙullutu daga mama, aka sa shi a kwalba aka ce mu kai ɗakin gwaji. Likitan tiyata ya ce ba zai ɗora ta a kan magani ba sai wani likitan ya duba tsokar. Wane ne wannan da bai taɓa ganin mara lafiyar ba, amma maganarsa ake jira?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji, Gangare:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Shi ne likitan binciken tsoka, wanda jama'a ke zaton ba shi da aiki sai binciken gawa, alhali galibin abin da ke zuwa teburinsa na masu rai ne. Ruwan da kika gani a kwalbar fomalin ne, yana hana tsokar ruɓewa. Mu ne muke tsane ta, mu daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, mu yanka ta har ta fi ɓawon albasa sirantaka, mu ɗora a kan gilashi mu rina, sannan shi ya duba ta a madubin likita ya faɗi ko ciwon daji ne, wane iri ne, kuma ko an cire shi duka. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Likita, Lamingo:
Taɓawa da hoto suna nuna girman ƙullutu da inda yake, amma tsokar ce kaɗai ke tabbatar da ko mene ne, kuma da yawa daga ƙullutun mama ba daji ba ne. Idan kuwa daji ne, akan ƙara gwaji a ga ko sinadarin estirojin, wanda jikin mace ke samarwa, ke ciyar da shi, domin irin wannan ne ƙwayar tamoxifen ke yi wa aiki. A kan takardar wannan sakamakon likitan daji da masu gasa ciwon da haske za su tsara nasu aikin.

Ɗan Bukur:
Hajiya, ki gode wa Allah da kuka kai. Mu da aka miƙo mana tsokar da aka ciro wa mahaifinmu, sai muka binne ta a bayan gida, don a ganinmu sashen jikin mutum ne. Da ciwon ya dawo bayan shekara, abin da likita ya fara tambaya shi ne takardar sakamakon farko, mu kuwa babu.