Muhawara: gindin bindiga mai ja-da-tura, gyara ne ko ado?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina da magana, wanda bai yarda ba ya fito mu buga. Duk wannan gindin bindiga da ake saya daban a ɗaura, mai tsawaita da gajarta, mai ɗaga wurin ɗora kunci, da mariƙan hannu iri-iri, ba ya ƙara wa bindiga saiti ko kaɗan. Harsashi ta bututu yake fita, babu ruwansa da abin da ke kafaɗarka. Wanda ke da kuɗin zubawa a can, gara ya sayi harsashi ya je ya yi ta atisaye.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Malam, ni kam ina bayanka. Yawancin masu sayen nan don a gani ne.

Bilkisu: Baba Habu, da girmanka, ban yarda ba. Gindin da kamfani ke sa wa bindigar farauta, tsayinsa daga kunama zuwa inda ya taɓa kafaɗa yakan kai inci 13 da rabi. An yanka shi ne don namiji matsakaici. Ni hannuna bai kai nan ba. In na ɗora irin wannan a kafaɗa sai na miƙe wuya kafin in ga madubin saiti, yatsana kuma da ƙyar yake kamo kunama, sai in ja ta a karkace, bakin bindigar ya goce. Ko shekara nawa zan yi ina atisaye, hannuna ba zai ƙara tsawo ba.

Malam Habu: 'Yata, ai wannan ba sabon abu ba ne. A kai wa mai gyara ya rage katakon da inci ɗaya, shi ke nan. Me ya kawo maɓallai da sifirin?

Bilkisu: To ranar da na sa riga mai kauri saboda sanyi fa? Ko ranar da zan yi harbi a kwance maimakon a tsaye? Tsayin da ya dace da ni a tsaye ba shi ne ya dace da ni a kwance ba. Katakon da aka yanke ya yanku ke nan.

Injiniya Tukur: Ku ba ni dama in raba maganar gida biyu, don na ga kowa na jan nasa ɓangaren. Akwai saitin bindigar ita kanta, wato in aka ɗaure ta a kan benci aka harba sau biyar, yaya harsasan za su taru. Akwai kuma abin da mutum zai iya fitarwa daga gare ta in tana hannunsa. A na farkon, in dai irin bindigar AR-15 ta Amurka ake magana, Malam Habu na da gaskiya: gindin yana zamewa ne a kan wani bututu na baya, bai taɓa bututun harsashi ba, don haka canza shi ba ya canza komai a cikin ƙarfen. Amma a bindiga irin Remington 700, wadda ta fito tun 1962, gindin da gangar jikin abu ɗaya ne, a cikinsa injin bindigar yake kwance. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya motse. In ya kumbura ya dafa bututu ta gefe ɗaya, inda harsashi ke sauka zai matsa, alhali mai bindigar bai taɓa madubinsa ba. Shi ya sa sojojin kundunbala na Amurka (Marines) suka bar katako suka koma gindin faiba na kamfanin McMillan a bindigarsu ta M40A1 cikin shekarun 1970. To a irin wannan bindiga, gindin alminiyom da ya bar bututu a sake, ba ya taɓa komai, yana gyara saitin bindigar kanta.

Malam Habu: Injiniya, ka kauce. Kai kana maganar abin da aka ƙera gindin da shi. Ni ina maganar ja-da-tura. Faiba marar maɓalli ma zai yi wannan aikin da ka faɗa.

Injiniya Tukur: Haka ne, wannan na ba ka. Amma saura rabi na biyu.

Malam Habu: Kafin ka je can, ga Simo Häyhä, gwanin harbi na sojan ƙasar Finland. A yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940 ya yi abin da har yau ake ba da labari, da bindigar soja mai gindin katako, ko madubi bai sa mata ba. Wane maɓalli ya murɗa?

Bilkisu: Baba, wannan misalin ai nawa ne. Ɗaya daga cikin dalilan da aka ce ya sa ya ƙi madubi shi ne sai mutum ya ɗaga kai sama kafin ya leƙa ta cikinsa. Me ya sa sai an ɗaga kai? Saboda an yanka gindin ne daidai da saitin ƙarfe da ke manne da bututu. Da zarar ka ɗora madubi, layin ido ya hau sama, kuncinka ya rabu da katako, sai haɓa kaɗai ke taɓawa. Kan da ke reto a iska ba zai dawo wuri ɗaya sau biyu ba. Ido ya matsa kaɗan, alamar cikin madubi ta matsa a kan abin bara, musamman in nisan bai yi daidai da wanda aka saita madubin a kai ba. Wurin ɗora kunci mai hawa da sauka wannan matsalar ya zo magancewa. Ko Rasha, da ta fitar da bindigar Dragunov a 1963, sai da ta haɗa ta da matashin kunci da ake ɗaurawa in za a yi aiki da madubi, a cire in za a koma saitin ƙarfe.

Sajan Isa mai ritaya: Na daɗe ina karanta ku. Malam Habu, abokina, zancen a daidaita bindiga da jikin mai ita ya girme mu duka. Sojan Ingila tun zamanin bindigar Lee-Enfield suna da gindi tsayi daban-daban, gajere da matsakaici da dogo, har da wani ƙarami na gajerun sojoji, tsakanin kowanne da na kusa da shi rabin inci. Mai kula da makamai ne ke zaɓa wa soja wanda ya dace da shi. Amurka kuma da ta fitar da bindigar M16A2 ta ƙara wa gindin tsawo da kashi biyar cikin takwas na inci, don ya yi daɗin harbi a kwance a filin gwaji. Da rigar sulke mai kauri ta zama kayan kullum, sai gajerun sojoji suka ga gindin ya yi musu tsawo. Bindigar M4 mai gindin ja-da-tura na matakai huɗu ta warware wannan: ka sa sulke ka tura ciki, ka cire ka jawo waje. Kamar kujerar direba ce, ba ta ƙara wa injin mota ƙarfi, amma wanda ƙafarsa ba ta kai birki sosai ba ba zai yi tuƙin kirki ba.

Ɗanlami: Sajan, to wannan na soja ne da mutum dubu ke karɓa-karɓa da bindiga iri ɗaya. Mai bindiga ɗaya, jiki ɗaya, sau nawa zai murɗa? Sau ɗaya zai saita ya manta.

Sajan Isa mai ritaya: Ko sau ɗayan ne, ƙanena, ai ya samu daidai da jikinsa ba tare da ya yanka komai ba. Kuma in ya ga bai yi ba, gobe ya mayar.

Malam Habu: Bari in faɗi abin da ya fi damuna, don ba ƙiyayya ce kawai ba. Duk abin da ke motsi yana iya kwancewa. Na riƙe irin waɗannan masu araha, ka girgiza ka ji suna ƙwas-ƙwas. A daji wannan ƙarar kaɗai ta isa ta kori dabba. Ga nauyi: gangar alminiyom mai maɓallai ta fi katako nauyi, wanda zai yini yana tafiya da ita a kafaɗa shi ya san haka. Ga sanyin ƙarfe a hannu da asuba. Sannan noti ɗaya ya saki, wurin kuncin ya sauka ba ka sani ba, ka rasa abin da ya sa harbinka ya lalace.

Injiniya Tukur: Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma sau da yawa ga inda girgizar take fitowa. Bututun baya na AR-15 kauri biyu ne a kasuwa: na ma'aunin soja kusan inci 1.15, na 'yan kasuwa kusan inci 1.17. Bambancin kaɗan ne a ido, amma in ka sa gindin da aka yi don mai kaurin a kan siririn, zai yi ta rawa, in ka juya kuma ba zai shiga ba sam. Mutane da yawa ba sa aunawa kafin su saya. Masu kyau, irin gindin CTR na kamfanin Magpul, suna da makulli na biyu da ke matse gindin bayan an zaɓi tsayi. Gindi mai rawa kam gara na katakon da ya zo da bindigar, a nan ba ni da ja.

Bilkisu: Kuma a duba inda ake neman saiti na ƙarshe. A gasar Olamfik, a harbin mita 50 na tsaye da durƙuso da kwance, kowa yana sake daidaita farantin kafaɗa da wurin kunci in zai canza matsayi. Malcolm Cooper na Ingila, wanda ya ci zinare a wannan gasa a 1984 da 1988, yana cikin waɗanda suka kafa Accuracy International, kamfanin da ya shahara da ɗora injin bindiga a kan gangar alminiyom. Mutumin da ya san saiti haka ba zai ɓata lokacinsa a kan ado ba.

Ɗanlami: Yaya Bilkisu, mariƙin hannu fa? Wannan kam ban ga abin da yake yi ba.

Bilkisu: Ya danganta da tsayin gindin. Tsohon mariƙin bindigar M16A2 ya kwanta baya sosai, ya dace da dogon gindi da gwiwar hannu a buɗe. In ka gajarta gindin, bindigar ta matso ƙirjinka, wannan kwanciyar tana lanƙwasa wuyan hannu, bayan ɗan lokaci ya fara ciwo. Mariƙin da ya fi miƙewa tsaye yana barin wuyan hannu a sake. Kaurinsa kuma shi ke sa tsokar yatsa ta faɗa daidai kan kunama, ja ya tafi baya sak. Mai babban hannu yana son mai kauri, ni ina son siriri.

Sajan Isa mai ritaya: Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, doka. A Amurka dokar 1994 ta lissafa gindi mai naɗewa ko mai zamewa da mariƙi irin na fistol cikin siffofin da in biyu suka haɗu a bindiga mai sarrafa kanta, mai gidan harsashi da ake cirewa, ta shiga jerin haramtattu. Wa'adin dokar ya ƙare a 2004, amma jihohi irin Kalifoniya da Niyok suna da nasu har yanzu. Akwai kuma ƙa'idar tarayya ta inci 26 na tsayin bindiga gaba ɗaya da inci 16 na bututu. Wato abin da mutum ya ɗauka canjin roba ne kawai yana iya canza matsayin bindigarsa a gaban hukuma. Kowa ya binciki dokar inda yake da sharuɗɗan lasisinsa kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Malam Habu: Wurin kunci na yarda da shi ga mai madubi, hujjar Bilkisu ta zauna. Amma ja-da-tura ga maharbi ɗaya mai bindiga ɗaya, har yanzu ina nan inda nake. Injiniya, ga abin da nake so a yi: mutum ɗaya, bindiga ɗaya, harsashi iri ɗaya, yadi 100. A harba da gindin kamfani, a canza, a sake harbawa, a auna taruwar da ma'auni.

Injiniya Tukur: Na amince, da sharaɗi biyu. Kada a tsaya a kan benci kaɗai, a haɗa da tsaye da kwance, don a kan benci jakar yashi ce ke riƙe bindigar. Sannan masu harbin su zama biyu, dogo da gajere. Bilkisu, za ki shiga?

Bilkisu: Zan shiga. Amma harsashi biyar ba zai nuna komai ba, a yi goma-goma a kowane matsayi, kuma wanda zai auna allon kada a faɗa masa wane gindi aka yi amfani da shi.