Babban skua da skua na Arctic, ya ake bambance su?

Ɗan Bakin Ruwa:
Salam 'yan uwa. Jiya na ga bidiyon wani tsuntsu ruwan ƙasa yana fafarar wani a saman teku har sai da wancan ya amayo kifin da ya haɗiye, shi kuma ya cafe tun kafin ya taɓa ruwa. An ce sunansa skua, akwai babba akwai na Arctic, wato yankin ƙanƙara na can arewacin duniya. Dan Allah wanda ya sani ya bambance min su, abin ya tsaya min a rai.

Yayan Aberdeen:
Wa alaikumus salam ƙanina. Fara duba jiki. Babban yakan haura kilo 1, ga faɗin ƙirji, ga farin tabo a fukafukai, idan yana tafe kamar jirgin kaya. Na Arctic da ƙyar yake kai rabin kilo, siriri ne mai zafin nama, yana da gashi biyu masu tsini a tsakiyar wutsiya, wani cikinsa fari wani kuma duhu ne gaba ɗaya. Shi aikinsa fashi, yana bin ƙananan tsuntsaye yana juyi da su a iska har su saki kifi. Amma babban ai bai tsaya a ƙwace ba, yakan damƙi fukafukin gannet, wani farin tsuntsun teku wanda ya fi shi girma, ya kayar da shi cikin ruwa, yana kashe ɗan ƙaramin tsuntsun teku da ake kira puffin ya cinye, har 'ya'yan na Arctic ɗin bai bari ba. Na je tsibiran Shetland na Scotland lokacin suna kan ƙwai, can bonxie suke ce wa babban, wallahi ina tafiya sai na ji iska fuu ta wuce saman kaina, ashe shi ne ya kawo min hari, sai da na ɗaga sanda sama da kai kamar yadda aka ce min sannan na wuce.

Maman Hanifa:
Kai Yaya, wannan ai shirwar teku ce! To suna zuwa wajenmu kuwa?

Yayan Aberdeen:
Hajiya, na Arctic yana bi ta gaɓar Afirka ta Yamma idan sanyi ya kama a can arewa, masu kallon tsuntsaye suna ganinsa a bakin tekun Dakar yana gangarawa kudu. Babban ne ke ba ni tausayi yanzu, murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta yi masa ɓarna sosai a Scotland, kuma kafin murar fiye da rabin na duniya a can suke yin ƙwai.

Ɗan Bakin Ruwa:
Na sake kallon bidiyon yanzu, akwai tsinin nan a wutsiya, ashe na Arctic ne. Na gode Yaya, Allah ya ƙara sani.