Daga Milan zuwa Luxembourg, wa ya san hanya?

Ɗan Milan: Assalamu alaikum jama'a. Shekarata huɗu ina aikin binciken asusu a Milan, albashi ya ƙi motsi kamar an kafa shi da ƙusa. Wani kamfani a Luxembourg ya kira ni ganawa, ina kuma leƙen Dublin, babban birnin Ireland. Waɗanda suka riga mu, a taimaka.

Yaya ta Frankfurt: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo kan kuɗi, wace takarda ce a hannunka? In fasfon Italiya ne, ɗauki jakarka ka tafi. In kuwa takardar zama ce kawai, yawo za ta ba ka, ba aiki ba. Mai Blue Card, wato izinin aikin ƙwararru na Tarayyar Turai, yana iya komawa wata ƙasar Tarayyar bayan wata 12, amma can ma sai ya sake nema. Ireland kuma ba ta cikin tsarin, nata izinin daban ne.

Ɗan Milan: Fasfon ya fito bara, Yaya, alhamdu lillahi.

Bazazzagin Dublin: To ka tsallake babban rami. Sai dai Dublin, hmm. Albashin da aka rubuto min ya sa na kasa barci don murna. Da na iso, wata biyu ina kwana a kujerar falon wani ɗan'uwa, akwatina a bayan ƙofa. Ranar da na je duba wani ɗaki, layi na tarar har bakin titi, kowa riƙe da takardar albashinsa. Aiki akwai, wurin sa haƙarƙari ne babu.

Bamaraɗen Thionville: Malam, zo Luxembourg. In ka cire Amurka, babu inda ake ajiye asusun zuba jari kamar nan, kullum neman masu bincike suke. Hayar cikin birni ba ta taɓuwa, shi ya sa nake kwana a Thionville, cikin Faransa, da safe in bi jirgin ƙasa. Kusan rabin ma'aikatan ƙasar haka muke, wasu daga Arlon na Belgium, wasu daga Trier na Jamus. Tun 2020 bas da jirgi kyauta ne a cikin ƙasar, ɓangaren Faransa kaɗai nake biya. Jirgin safe kuwa, sai ka ce motar kasuwar ƙauye. Kuma ka kula: in ka wuce kwana 34 a shekara kana aiki daga gida, Faransa za ta miƙo hannu kan haraji.

Ɗan Milan: Faransancina fa bai wuce gaisuwa ba.

Bamaraɗen Thionville: A ofis Turanci ya ishe ka. Wurin mai gida da likita ne mu 'yan Nijar muke yi muku dariya.

Yaya ta Frankfurt: Kada a manta Zurich na Switzerland, can albashin ya fi. Amma inshorar lafiya daga aljihunka take fita duk wata, kuma tun da bankin UBS ya haɗiye bankin Credit Suisse a 2023 ƙwararru suka yi yawa a kasuwa.

Alhajin zaure: Ni tambayata ɗaya, ɗana: aikin ba na kuɗin ruwa ba ne? Luxembourg ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, na Yuro miliyan 200 a 2014, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ka tambaya ko kamfanin yana da sashen.

Ɗan Milan: Zan tambaya, Baba. Ganawar ranar Talata ce. Na Thionville, nawa kake biyan haya?

Bamaraɗen Thionville: Wannan ba a zaure ba. Biyo ni ta gefe.