Yadda ake gane makarantar takobin Japan ta gaskiya

Waɗanda suka daɗe a harkar sun ce da farko mutum ya san abin da yake nema. Kendo fafatawa ce da sandar gora mai suna shinai, cikin sulke. Iaido zare takobi ne daga kube, a yi sara, a mayar. Kenjutsu kuwa tsoffin makarantu ne irin su Katori Shinto-ryu, inda ake atisaye bibbiyu da takobin katako.

Inda bakin waɗanda suka daɗe a harkar ya fi zuwa ɗaya shi ne silsila. Ka tambayi malami: wa ya koya maka, shekara nawa, wa ya ba ka izinin koyarwa? Na gaskiya zai amsa nan take, kuma ana iya tantancewa. A kendo da iaido, a duba ko makarantar tana ƙarƙashin ƙungiyar da ke da alaƙa da Hukumar Kendo ta Duniya, wadda aka kafa a 1970. Wanda ya naɗa kansa shugaban salon da ya ƙirƙira, a yi nesa da shi.

Kafin biyan kuɗi, a je a kalli darasi ɗaya. A lura ko ɗalibai suna duba mekugi, 'yar ƙusar gora da ke riƙe ruwan takobi cikin ƙota. Idan ta tsage, ƙarfen zai iya fizgewa ya tashi kan mutane. Sabon ɗalibi ba a ba shi takobi mai kaifi. Da na katako ko iaito, wato takobin atisaye na ƙarfe marar kaifi, ake farawa.

Kada a sayi takobi kafin malami ya faɗi tsawon da ya dace, ballantana na adon bango, wanda kan karye.