Wai da gaske ne akwai dabbobin da mutum ya ƙarar da su ƙaf a duniya?

Ɗan Yelwa, Bauchi:
Slm jama'a. Dan Allah masana ku raba mana gardama. Jiya a majalisa bayan isha'i wani abokinmu ya dage wai akwai dabbobin da ɗan Adam ya kashe har ba sauran ko ɗaya a doron ƙasa, har yana cewa irin karkandar yankinmu ma ta ƙare. Ni dai abin bai shige ni ba. Daji fa da faɗi, ta yaya mafarauta za su bi dabba har su ga bayanta, ita ba ta da ƙafar gudu ne? Ko dai turawan ne in sun nema ba su gani ba sai kawai su rubuta ta ƙare?

Malam Sabo, Tudun Wada Gombe:
Wslm ƙanena. Abokin naka ya fi ka gaskiya a wannan. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka inda ta yi saura na ƙarshe shi ne arewacin Kamaru, nan bayan Adamawa, a 2006 masu bincike suka shiga dajin suka yi ta yawo ba su ga ko guda ba, a 2011 ƙungiyar IUCN mai lissafin dabbobin da ke cikin haɗari ta sanar cewa ta ƙare. Ƙahonta ne ya ja mata, ana kai shi Asiya a haɗa magani, a Yaman kuma a yi ƙotar wuƙa da shi, alhali ƙahon nan abin da ya yi farcenka da gashin kanka shi ya yi shi.

Kuma maganar daji da faɗi, toh bari in ba ka labarin wata tattabarar daji ta Amurka. Wannan ba dubbai ba ce ba miliyoyi ba, biliyoyi ce, in garkenta ya taso sai ya rufe rana ya yi awanni yana wucewa ta kan gari. Da jirgin ƙasa ya zo da wayar tangaraho sai farauta ta koma kasuwanci, duk inda suka sauka yin sheƙa za a buga waya, mafarauta su cika jirgi su je da raga da bindiga, a cika ganguna da su a aika birane a matsayin nama mai araha. Ita kuma ƙwai ɗaya tal take yi a sheƙa, kuma ta saba hayayyafa ne cikin taro mai yawa, da taron ya watse sai sauran ma suka kasa mayar da abin da aka kashe. Ta ƙarshe, wadda suka sa wa suna Martha, ta mutu a gidan zu na Cincinnati ranar 1 ga Satumba 1914. Akwai mutanen da suka ga garken yana rufe rana suna yara, kuma suna raye labarin mutuwar ta ƙarshen ya same su.

Akwai kuma wata ƙatuwar dabbar ruwa dangin ayu irin namu na Binuwai, amma ta ninka shi girma nesa ba kusa ba, a tekun Bering can gabashin Rasha. Turawa sun fara ganinta a 1741, zuwa 1768 babu ita. Shekara 27 kacal. Ba ta da sauri, a bakin gaɓa take kiwo, matuƙan jiragen ruwa suka mai da ita guzuri. Ba kowace dabba ce ke da wajen gudu ba, wata tsibiri ɗaya ne duk duniyarta, kamar wani tsuntsu na tsibirin Morishus da Turawa ke kira "dodo", da ba ya tashi, wanda aladu da ɓeraye da birai da jirage suka kawo suka dinga cinye masa ƙwai, tun wajen 1662 ba a ƙara ganinsa ba.

Maman Hanifa, Azare:
Ni ba sai an je Amurka ba ma Malam. Ɗan Yelwa tsakaninka da Allah yaushe rabonka da ganin ungulu? Da muna yara in an aike mu kwata sai ka ratsa ta cikinsu, a kan rufin kwano da kan bishiyar kuka, ko korarsu kake ba sa tafiya. Yanzu yarana a hoton littafin makaranta suka san ta wlh. Masu tsibbu ke sayen kai da ƙafafu da ƙwai, wasu kuma guba suke sawa a mushe su kwashe su gaba ɗaya. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kuma ba wanda ya ji ranar da ta tafi, ba a yi sanarwa a rediyo ba, kawai wata rana ka ɗaga kai ka ga sama fayau. Mushe kuma yanzu sai dai ya yi ta wari a bakin hanya karnuka na ja.

Baffa Manu, Dadin Kowa:
Duk na ji bayananku amma ku da kuke cikin gari daɗin baki ne da ku. Ku zo nan bakin dam ku ga abin da dorina take mana. Mutum ya ci bashin taki ya yi shinkafa da masara, dare ɗaya ta fito ta share rabin gona, masunta kuma kullum cikin fargabar ta kifar da kwalekwale, amma in ka taɓa ta kai ne mai laifi. Wanda ya rubuta dokar bai taɓa kwana a gona da tocila da gwangwani yana kaɗawa ba. Ni a ganina komai da lokacinsa, in Allah ya ƙaddara dabba za ta ƙare za ta ƙare.

Malam Sabo:
Baffa Allah ya mayar da alheri, ba wanda zai ce kukanku ba gaskiya ba ne. Amma irin kukan nan makiyayan tumaki suka yi a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a kan wata dabba mai kama da kare mai zane a baya. Gwamnati ta sa lada, fam ɗaya duk wanda ya kawo babba, daga 1888 zuwa 1909 an biya sama da 2,000. Sai a 1936 aka yi dokar kare ta, bayan kwana 59 ta ƙarshen ta mutu a gidan zu na Hobart. Daga baya aka gane karnukan da suka koma daji suna da hannu sosai a ɓarnar da ake ɗora mata. Maganar ƙaddara kuma Baffa ka fi ni sani, a Suratul An'am aya ta 38 Allah ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kuma mai riƙe da bindiga da zaɓinsa yake ɗana kunama.

Kuma abin yana gyaruwa in an tashi da wuri. Raƙumin dawa na yammacin Afirka saura 49 ya yi a 1996, duk a yankin Kure kusa da Yamai, aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan ana ba su tallafi da aikin rakiyar baƙi, yanzu sun haura 600. Mariri ma a 2000 an ce babu shi a daji sai a gidajen zu, daga 2016 aka fara mayar da shi Chadi yana ta haihuwa. Amma ka lura, waɗannan an samu iri ne a hannu.

Auwalu Alkaleri:
Mu da muke maƙwabtaka da Yankari mun san wannan. Tun 1956 aka keɓe dajin amma duk da haka raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci duk babu su yanzu, dattawanmu ne kawai ke ba da labari. Raƙuman dawan da mutane ke zuwa ɗaukan hoto da su a Sumu ta Ganjuwa daga Namibiya aka kawo su, ba irin namu ba ne. Zaki kuwa a duk Najeriya daga Yankari sai Kainji, kuma sai ka yi zuwa nawa Wikki, wajen ruwan ɗumin nan na cikin Yankari, ba ka ji ko gurnaninsa ba. Giwaye ne dai suka rage da ɗan dama, su ma suna fitowa gonaki kamar dorinar su Baffa, shi ya sa aka ɗaura wa wasu na'ura a wuya ana bibiyar inda suka nufa, a ƙauyuka kuma akwai waɗanda aka ɗauka aikinsu su buga wa ma'aikatan daji waya da zarar garke ya doso.

Baffa Manu:
Toh Auwalu ku an ɗauki mutanenku aiki, na Nijar Malam ya ce ana ba su tallafi. Mu a zo a auna gonar da dorina ta ci a biya mu ko kuɗin taki ne, ko a taimaka mana da shinge ta bakin ruwa, in an yi haka ni da kaina zan hana yara taɓa ta. Shinkafar rani dai wata mai zuwa za mu fara dashe.